Hoton Habu da Ludayi a Bakin Teku

Kai Sani, sauke ɗan akwatin nan daga wuyanka ka zauna, ka ishe ni da ƙyas-ƙyas tun safe. Ku ma ku matso. Na ji abin da kuke faɗa a bakin tasha, wai ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, danna maɓalli ne, ko akuya aka koya wa za ta iya. To madalla. Ni Idi Mai Hoto, lokacin da na fara wannan aiki babu wani maɓalli da ake dannawa, kuma ba a nan Matameye na koye shi ba. A bakin teku na koya, can inda ƙasa ta ƙare.

Lokacin Faransa ba su daɗe da zama a Damagaram ba, ana ta kama mutane ɗaukar kayan kumandan, Baturen mulkinsu, daga wannan zango zuwa wancan, ba ko sannu. Na ce in dai dako ne, gara in ɗauki wanda za a sallame ni. Ina da gemuna, na bi fataken goro zuwa Gwanja, daga nan Kumasi, daga nan ƙafa ta ja ni har wani garin masunta. Ranar da na fara ganin teku, na tsaya na daɗe, sannan na tambayi wani Bahaushe mai sayar da tsire na ce, “Malam, wannan tafkin a wane wata yake ƙafewa?” Har na bar garin, in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, “Idi, bai ƙafe ba tukuna!”

A bakin ruwan nan akwai wata ganuwa ta dutse, fara fat, a kan fa, ruwa na dukan gindinta dare da rana. Turawan da suka gina ta sun mutu tun kakannin kakanni. Tana da benaye, da manyan bindigogi da tsatsa ta cinye suna leƙen teku, a ƙarƙashinta kuma akwai ɗakuna marasa taga inda a da ake tara mutane kafin a zuba su a jirgi. Mu ma a ƙasarmu mun san wannan ciniki, ba sai an yi mana bayani ba. Sau ɗaya na shiga, ban ƙara ba. Amma daga waje, in gari na wayewa, kai, ginin nan yana da kyau. Duk Baturen da ya sauka daga jirgi sai ya nemi hotonta ya aika gida. Wannan shi ne abincin maigidana.

Sunansa Baba Kwasi, mutumin bakin teku, gajere kamar ni, ga tumbi, ga faɗa, ga kyauta. Yana jin Hausar zango daidai ta ciniki da ta zagi. Ya gan ni ina sauke buhun goro ba tare da na jefar ba, ya ce, “Kai, kanka ba ya rawa. Zo ka ɗauki akwati.” Ai kuwa na daɗe ina ɗaukar akwatin nan kafin a bar ni in leƙa cikinsa. Ku kuwa jiya aka saya muku, yau kuna neman a ce da ku masu hoto.

Bari in gaya muku abin da ake kira kayan aiki. Akwatin katako ne, tsakiyarsa fata mai naɗewa irin zugazugin maƙeri, gabansa ido guda na gilashi da murfinsa. Yana tsayawa a kan ƙafafu uku. Sai baƙin ƙyalle da kake lulluɓa da shi, in ka shiga ciki ka ga duniya a kife, sama a ƙasa, teku a sama. Ranar farko da na ga ganuwar nan tana reto kanta a ƙasa, salati na saki na fito da baya, Baba Kwasi ya yi dariya har da tari. Hoton kuwa ba a kan takarda yake fara zama ba, a kan farantin gilashi ne mai magani a jiki, wanda jirgi ke kawowa daga ƙasar Turawa. Gilashi ɗaya, hoto ɗaya. In ka ɓata, ka ɓata, ba a gogewa. Kuma ba ya son haske ko na ƙiftawar ido sai lokacin da ka cire murfi, don haka a ɗakin duhu ake sa shi cikin gidansa, a ɗakin duhu ake fitar da shi a wanke, da ƴar fitila ja wadda ko allura ba za ka gani da ita ba.

Aikin farko da aka bar ni in kafa akwati, da asuba ne, a kan rairayi. Na kafa shi ƙyam, na daidaita ganuwa a tsakiya, na ja da baya ina jin kaina. Igiyar ruwa ta zo ta wanke mana ƙafa ta koma. Da Baba Kwasi ya leƙa sai ya ga ganuwa ta karkace kamar za ta zube. Ashe in ruwa zai koma, yana janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafar akwati, kai ba ka gani. Daga ranar na koyi kifa ɓawon kwakwa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Na koyi rufe idon akwati da tafin hannu har zuwa lokacin ɗauka, don iskar teku gishiri gare ta, tana shafa wa gilashi hazo. Na koyi cewa ruwan rijiyar garin ba ya wanke hoto, sai ruwan sama da muke tarawa a randa, wanda ko ƙishi zai kashe ka ba ka isa ka sha ba.

Fitowar rana kuwa, ita ce uwar wahala. Ina idar da sallar asuba nake ɗaukar kaya, har Baba Kwasi ya daina duba agogo, ya ce sallata ta fi shi daidai. Mu isa da sauran duhu, mu kafa, mu jira. Daga lokacin da gefen rana ya leƙo daga cikin ruwa zuwa lokacin da ta rabu da shi, bai kai ka shanye ƙwaryar fura ba. In ka yi gaggawa, ganuwa ta fito baƙa ƙirin. In ka yi nawa, rana ta ƙone maka sama duka, ta zama fari fayau. Akwai safiyar da gajimare zai tsaya a gabas ya ƙi gusawa, mu naɗe kaya mu koma ba mu cire murfi ba. Wani lokaci a yi mako ana haka.

Cire murfin ma da ƙa'idarsa. Za ka cire, ka bar haske ya shiga gwargwado, ka mayar. Baba Kwasi da yarensu yake ƙirgawa, ni kuma harshena ya ƙi. Sai na auna da salati. In gari ya waye sosai, rabin salati ya isa. In da sauran duhu, cikakke, har da jan numfashi. Ya gwada ni ya ga hotunan suna fitowa daidai, sai ya ce, “To, ci gaba, naka ƙirgen har da lada.” Abu ɗaya kuma da ya nanata mini har na gaji da ji: in ganuwa da teku kake ɗauka, fuskanci rana, don ganuwa ba ta da fuskar da za ta ɓace. In mutum ne, rana ta tsaya a bayan kafaɗarka, ta haska shi. Ka sa rana a bayan mutum, inuwarsa za ka samu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu zuwa a ɗauke su kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Turawan jirgi ba su da wuya, su dai ganuwa da rana, su saya su tafi. Matan kasuwar kifi su ne rigima. Mace za ta zo da zannuwanta duka a kai, ta ce sai kowanne ya fito, ka yi ta jera su a kujera da ƙasa har ita kanta ka rasa inda za ka sa ta. Akwai wani shugaban masunta da ya ce sai an ɗauke shi a cikin kwalekwalensa a kan ruwa. Muka ce abin da ke motsi ba ya ɗaukuwa, ya ce to a jawo kwalekwalen kan tudu, yaransa su riƙa watsa ruwa daga gefe. Mutanenmu na zango kuwa riga ɗaya ce mai aska ke zagaya su, wannan ya cire wancan ya sa, har wani falke ya kai hotuna Kano aka ce ashe Hausawan bakin teku duk tela ɗaya gare su. Sai wani malamin zango da ya yi wa'azi a kanmu ranar Juma'a, ranar Asabar ya aiko a tambaya ko ana iya ɗaukar mutum ta ƙofar baya.

Ana nan sai shekarar da Turawa suka kama yaƙi a junansu. Jiragen da ke kawo gilashi da magani suka ɗauke ƙafa. Wanda ya zo ma, sojoji da buhuna yake kwasa, ba mai neman hoton rana. Baba Kwasi ya riƙa yanka babban gilashi gida biyu, daga baya gida huɗu, har hoton mutum ya koma kamar tafin hannun jariri. Muka sayar da kujerar da ake zama a kai, muka sayar da dardumar. Ni na koma jan taru tare da masunta don a samu na miya, hannuwana suka farfashe. Daga ƙarshe gilashi ɗaya ya rage, babba, lafiyayye. Baba Kwasi ya naɗe shi a tsumma ya sa a ƙasan akwatin tufafinsa. Su a al'adarsu in mutum ya mutu ana kafa hotonsa a wurin makoki, shi kuwa da ya ɗauki rabin garin, ba a taɓa ɗaukarsa ba. Ya ce wannan nasa ne, ko sarki ya zo ba zai bayar ba.

A cikin wannan hali ne maganar Habu ta taso. Habu ɗan unguwarmu ne a nan Matameye, tare aka yi mana kaciya. Ya riga ni zuwa bakin teku, yana cikin masu tuƙa kwalekwalen da ke sauke kaya daga jirgi. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Wata ranar kasuwa wani falke ya iso zango daga gida, ya yi ido huɗu da Habu, ya saki tulun man da ke hannunsa ya ce, “Innalillahi! Kai ba ka mutu ba?”

Ashe wani Habu ne, Bakatsine, ruwa ya ci, labari ya bi bakin fatake har ya isa Matameye a kan namu Habun. Ƙanen ubansa, Baffa Tanko, bai ɓata lokaci ba, ya yi sadakar uku, ya yi ta bakwai, ya yi ta arba'in, sannan ya tafi wurin alƙali neman a raba gado. Gadon kuwa garkar rake ce a bakin korama ta hanyar Dungu, wadda Habu ya gada daga ubansa. Da ita mahaifiyarsa, Gwaggo Ladi, take ci take sha. In an tabbatar Habu ya mutu, kaso mafi girma na Baffa Tanko ne, kuma ya riga ya sami mai saye. Gwaggo Ladi ta ƙi zaman makoki, ta ce ita ba a yi mata mutuwa ba. Alƙali ya ba da wa'adi zuwa saran rake, in babu shaida a raba.

Falken ya buɗe jakarsa ya fito da wani ludayi mai lanƙwasasshen wuya. Duk wanda ya taɓa sayen fura a unguwarmu ya san shi, da shi Gwaggo Ladi take damu. Ya ce, “Ranar da zan taso ta ba ni a gaban mata. Ba ta ce in ba ka ba. Cewa ta yi, in na ga wani mai son fura a can, in ba shi.”

Habu ya karɓa ya juya shi, ya ce gobe zai kama hanya. Falken ya ce, “Kul! Dogaran kumandan na bi gari-gari suna kwasar samari aikin soja. Mai ƙirarka ko Ɗan Barto na bakin iyaka ba zai wuce ba.” Ni kuwa ga ni ɗan firit, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon arewa, ko kyauta aka ba kumandan ni ba zai karɓa ba. Da ma ina shirin komawa gida tun da aiki ya mutu. Sai dai shaidata ni kaɗai ba za ta isa ba, kowa ya san abokina ne. Muka dubi juna, muka tashi sai gidan Baba Kwasi.

Ya zage mu da Hausa, ya zage mu da yarensu, ya kore mu. Muna bakin ƙofa ya kira mu ya ce, “Tsohuwar nan, ita kaɗai ce? Ba wani ɗa?” Muka ce ba wani namiji. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da tsumman nan a hannu yana huci. Ya ce, “Gobe da asuba. In kuka makara na fasa.”

Da gari ya fara wayewa muna kan rairayi. Baba Kwasi ya tsayar da Habu yadda ya kamata, fuskarsa na kallon gabas, itatuwan kwakwa a bayansa. Habu ya waiwaya ya ce, “A'a. Ina tekun? Ina ganuwar? In ba su ga ruwan nan ba, Baffa zai ce a Kano aka ɗauka tun kafin in taho.” Muka duba muka ga da gaskiyarsa. Amma yadda bakin ruwan yake, ba ka samun ganuwa da teku a bayan mutum sai ka fuskanci rana. Baba Kwasi ya ce fuska za ta ɓace. Habu ya ce, “Haba Baba, ina ganinka kana ganina, ta yaya akwati zai kasa ganina?” Gardama ta yi tsawo, gabas kuwa ta fara ja.

Sai Baba Kwasi ya yi dabara irin ta tsofaffin hannu. Ya kira masunta biyu suka kwance farin filafilan kwalekwale, wato ƙyallen da iska ke turawa, suka riƙe shi a gefen akwati don ya tare hasken rana ya mayar wa Habu a fuska. Na leƙa cikin baƙin ƙyalle, wallahi ga fuska ta fito, har da tsagar kumatunsa. Habu ya gyara tsayuwa, hannun hagu a ƙugu, ya ɗaga ludayi sama da dama kamar mai riƙe da takobi. Rana ta leƙo. Baba Kwasi ya ce, “Yanzu!” Na cire murfi na fara salati. Ban kai tsakiya ba iska ta taso daga teku ta naɗe filafilan nan ta lulluɓe masuntan da shi. Murfi dai an riga an cire, ba a fasawa. Na ƙarasa na mayar.

A ɗakin duhu muka tsuguna mu biyu a kan tasa, muna kaɗa magani. Ganuwa ta fito. Teku ya fito da igiyoyinsa. Rana ta fito rabinta a ruwa, hanyar haske ta miƙo har bakin rairayi. Wallahi a duk shekarun da muka yi ba mu taɓa samun fitowar rana irin wannan ba. Da muka buga a takarda, ga Habu a tsakiya, baƙi ƙirin tun daga kai har ƙafa, ba ido, ba hanci, ba baki, sai ludayi a sama. Baba Kwasi ya dafe kai ya ce, “Na ba da gilashin makokina an ɗauki inuwa.” Habu kuwa da ya gani sai ya ce, “Kai, ashe haka nake da faɗin kafaɗa!”

Babu wani gilashin, babu yadda za a yi. Ranar da zan taso Baba Kwasi ya ɗora mini akwatin da ƙafafunsa ya ce in tafi da shi, a nan yunwa za ta kashe shi. Na sa hoton tsakanin allo biyu na ɗaure, gilashin kuma na naɗe shi da auduga cikin ƙwarya. Shi gilashin ban nuna wa kowa ba a gida, don a jikinsa komai a juye yake, rana baƙa, Habu fari sol. Da Baffa Tanko ya gan shi, da ya ce ga fatalwa nan, magana ta ƙare.

Na iso Matameye an fara saran rake. Ko hutawa ban yi ba aka taru a ƙofar alƙali. Yawancin mutanen wurin ba su taɓa ganin hoto ba. Takarda ta riƙa zagayawa hannu zuwa hannu, wani ya riƙe ta a kife, wani ya shinshina, wani ya tambaya ko koramar wane gari ce ta cika haka. Ludayi kam kowa ya gane shi nan take, mata daga bayan danga suka shaida ranar da aka ba falke, bayan sadakar arba'in. Baffa Tanko ya karɓa ya duba, ya yi murmushi.

Ya ce, “Allah gafarta Malam, ludayi na Ladi ne, ban musa ba. Amma ludayi kowa na iya riƙewa. Ina fuskar? Wannan ai ko ni ne aka shafa wa baƙin tukunya.”

Alƙali ya kira abokan Habu ɗaya bayan ɗaya ya ce wa zai rantse. Kowa ya duba ya ce yana kama, amma rantsuwa da nauyi. Na ɗauko abin nan tun daga bakin teku a kan kaina, ga shi zai tashi a banza, garka kuma ta tafi. Sai alƙali ya ce a miƙa wa mahaifiyarsa.

Gwaggo Ladi na zaune a gefe, ta ja mayafi. Da na nufo ta sai ta kau da kai ta ce, “Allah gafarta Malam, ni ba na kallonsa.”

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, kuna jin uwa na ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa a tsakiyar kasuwa. A lokacinmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa, balle a gaban jama'a. Habu kuwa ɗan fari ne. Tun da aka yanka ragon sunansa, “yaron nan” take cewa. Ko da garkar za ta tafi, Gwaggo Ladi ba za ta zuba wa ɗan farinta ido a gaban alƙali da mazan gari ba. Baffa Tanko ya san haka, shi ya sa ya miƙe tsaye yana gyara riga.

Na durƙusa na ce, “Gwaggo, ai babu fuska a ciki.”

Ta ce, “Babu fuska?”

Na ce, “Babu. Ko ido ɗaya babu. Rana ta cinye.”

Sai ta fito da hannu daga mayafi ta ce, “Miƙo.”

Ta riƙe takardar nan da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, har alƙali ya yi gyaran murya. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, “Shi ne.”

Baffa Tanko ya ce, “Da me kika gane, Ladi? Mu da muka san fuskarsa mun kasa.”

Ta ce, “Ku fuskarsa kuka sani. Ni ban santa ba. Ni bayansa nake kallo in zai fita, inuwarsa nake gani a jikin danga in ya dawo. Ga kafaɗar hagu nan ta fi ta dama sauka, tun da ya faɗo daga kan giginya. Ga dundunniyar dama ba ta taɓa ƙasa ba, nan kurkunu ya fito masa, ni na naɗe shi a tsinke. Ga kunnen nan guda da ya fi ɗan'uwansa buɗewa.” Ta ɗora yatsa a kan takardar. “Hannun nan kuma a ƙugu, da gwiwar hannu a gaba, ba nasa ba ne shi kaɗai, na gidansu ne. Haka ubansa yake tsayawa. In kuna so ku gani, ku dubi Tanko.”

Jama'a duka suka juya. Ga Baffa Tanko tsaye, hannun hagu a ƙugu, gwiwar hannu a gaba, sak inuwar da ke cikin takarda, ludayi kawai ya rasa. Ya yi wuf ya sauke hannun, ya rasa inda zai sa shi, ya mayar. Wurin ya fashe da dariya, har dogarin alƙali sai da ya dafa bango. Abokan Habu suka sake karɓar hoton, wannan ya ce ƙwarai ga kafaɗar, wancan ya ce shi ya ɗauko shi ranar da ya faɗo daga giginyar. Yanzu kowa na son rantsuwa.

Alƙali ya ce mai garka yana da rai, ba a rabon gadon mai rai. Baffa Tanko ya ce to sadakar da ya yi fa, har da ɗan akuya? Alƙali ya ce, “Allah ya kai ladan ga Habun Katsina.”

Daga wannan hoton na samu sana'a a garin nan. Da yaƙi ya ƙare gilashi ya fara zuwa ta Kano, na kafa akwati a gindin tsamiyar kasuwa, mutane daga Kance da Dungu suna zuwa. Na aika wa Baba Kwasi gilashi sabo ta hannun fatake, aka ce ya zage ni da ya karɓa, sannan ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi wurin wani mai akwati a ɗauke shi. Habu ma ya dawo da ƙafarsa, ya karɓi garkarsa, har da Baffa Tanko a masu yi masa barka. Na ce to yanzu zan biya Gwaggo abin da rana ta cinye. Na zaunar da shi da hantsi, rana a bayan kafaɗata, na ɗauke shi yadda Baba Kwasi ya koya mini. Fuska ta fito tar, ido biyu, tsage, har da gibin haƙorinsa. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba. Na sa shi a katako na kai mata da kaina.

Tana ganin abin da ke ciki ta kifa masa faifai, ta tura shi gefe ta ce in kai wa matar da ya aura bayan dawowarsa. Na ɗaga kai, sai ga baƙin hoton nan na bakin teku a jikin bangon ɗakinta, daidai inda take zama in tana damu, gefensa har ya yi laushi don taɓawa.

Na ce, “Haba Gwaggo, wannan ai ɓataccen aiki ne. Ga mai kyau na kawo miki.”

Ta ci gaba da damunta da ludayin nan mai lanƙwasasshen wuya da Habu ya dawo mata da shi, ta ce, “Idi, ɗauke abinka. Wancan kallona yake yi. Wannan kuwa ni nake kallonsa.”